Yadda Ake Cewa "Babu" da Turanci a Bakin Rijiyar Kusugu

Idan kana cikin samarin da ke yi wa baƙi tafinta a Kusugu, ka san rabin tarihin rijiyar nan "babu" ne. Macijin da ake kira Sarki ya hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu. To Bature bai yarda da babu guda ɗaya ba, kowane baƙo da irin tasa, sai ka yi tanadi.

Fara da duban takalminsa. In ka ga sau-ciki mai sheƙi, ga ɗan littafi a hannu, malamin jami'a ne ko ɗan ofishin jakadanci daga Abuja. Da ya tambayi yawan ruwan da ake samu a zamanin macijin daga Asabar zuwa Alhamis, gyara murya ka ce "none". In ya gyaɗa kai, ƙara masa da "nil". Wannan babu ce mai babbar riga, asalinta Latin, ita akawu ke rubutawa a gurbin da ba kuɗi, ita kuma masu sharhin ƙwallon Ingila ke faɗa. Sai dai ko kana ƙaunar ƙwallo kamar me, kada ka ce Bayajidda ya lallasa maciji "one-nil" a gaban dattawan fada.

"Naught" ta tsufa tukuf. Adana ta sai bikin Gani, a fito da ita tare da sauran kayan tarihi.

Ba'amurke mai gajeren wando da gorar ruwa kuwa, ba ruwansa da Latin. Ba shi "zilch" ko "nada". Ta biyun ma aro ce daga Sifaniyanci, don haka faɗe ta ba kunya, shi ma ba ta kakansa ba ce. Akwai "zip", amma ni ban ba ka shawara ba. Harshenmu da harafin P ba sa ga maciji, "zif" za ta fito, bawan Allah ya sunkuya yana duba wandonsa.

"Zero" 'yar gida ce, ita da sifilinmu duk jikokin "sifr" na Larabci ne. Kowa na iya ɗauka, ban da ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda za ta tuna wa "zero allocation", lokacin da akan ce kason wata ya ƙare tun bai iso ba. "Love" ta 'yan tanis ce, kada ka kuskura ka faɗa wa matar baƙo. Ɗan Legas kuma "shishi" ta ishe shi.

Haɗarin gaske yana ƙarshen zagaye. An ɗebo ruwa da guga, an sha, an ɗauki hoto, baƙo ya zaro walat ya tambayi nawa ne. Tarbiyya za ta tunzura ka ka ce "ba komai", wadda kowane Bahaushe ya san ma'anarta: sa hannu a aljihu gwargwadon mutuncinka. In ka kuskura ka mayar da ita "nothing", Bature zai gaskata ka. Zai riƙe hannunka ya girgiza, ya yaba karamcin mutanen Daura, ya shige mota. A nan sunkuyar da kai, ka murza tafin hannu, ka ce "anything, sir", sannan ka matsa kaɗan ka tsaya tsakaninsa da ƙofar motar.