Makahon Tashar Jami'ar Alƙahira

Mu 'yan Gombe mun san jirgin ƙasa tun 1963, lokacin da layin dogon Maiduguri ya iso garinmu. Yanzu dai awaki sun fi mu morar layin, ɗaliban jami'ar jiha da ke Tudun Wada kuma a Keke Napep suke zuwa lacca, amma gado gado ne. Shi ya sa da ɗan ƙanwata ya ce zai koya mini hawan jirgin cikin gari a tashar Jami'ar Alƙahira, na ce masa ya ji da karatunsa.

Jirgin layi na biyu ya tsaya, kowane tarago maƙil, ban da na tsakiya. Na tattare babbar riga na faɗa ciki, ina mamakin wautar Misrawa. Ƙofa ta rufe. Na gyara hula, na rangaɗa sallama irin ta shiga zauren hakimi.

Aka amsa. Duk muryoyin mata.

Wannan amsar ce har yau take hana ni barci. Ba ihu, ba zagi. Amsa ce cikakkiya, har da wa barakatuhu, a hankali, daga bakin masu niƙabi, masu jakar makaranta, da wata mai ƙunshin alayyafo. Na duba dama, mata. Na duba hagu, mata. Namiji ɗaya na gani, yana shan nono, shi ma ya saki ya zuba mini ido. Ashe taragun tsakiya na mata ne zalla, har tara ake cin namijin da ya shiga.

Waya ta yi ƙara. Saƙon yaron ne: "Kawu, kada ka shiga na tsakiya."

Ina cikin karantawa sai na ji Hausar Kano a bayana. Wata ɗaliba ce.

"Baba, ka yi kamar makaho. Ba wanda zai taɓa ka."

"Makaho da waya a hannu, 'yata?"

"To ka juya ta baibai."

Na juya ta baibai. Na runtse ido, na kafe kai sama, ina lalube. Nan take taragon ya cika da tausayi. Wata ta ja hannun rigata ta zaunar da ni.

Jirgi ya tsaya a tashar Buhus, inda ya kamata in tsere. Na yunƙura.

"Baba, zauna," in ji ɗalibar. "Makaho bai san an iso ba."

Ƙofa ta rufe. Muka wuce Dokki, muka wuce Opera, ina zaune cikin duhun da na saya da kuɗina. Kafin Sadat, mai alayyafon ta buɗe tafin hannuna, ta danƙa mini fam ɗaya.

Na yi mata addu'a.