Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Iyon Itabiyum, Mazaunin Tarko

Ranka ya daɗe,

Da fatan sanyin fada bai dame ka ba, ko da yake an ce kai ba ka iya aiki sai an sanyaya ka da hasken leza har ka kusan daina motsi ɗungurungum. Allah ya ƙara sanyi.

Na san asalinka. Ƙwayar zarra ce kai ta wani ƙarfe da ba kowa ya san shi ba, aka fizge maka elektiron ɗaya, ka zama mai cajin lantarki, daga nan aka samu abin da za a kama ka da shi. Tarkon da kake ciki dabarar Wolfgang Paul ce, Bajamushen da ya samu rabo a kyautar Nobel ta 1989: wutar lantarki mai juyawa sau miliyoyi a sakan ɗaya, ta riƙe ka a tsakiyar akwatin da aka zuƙe iskarsa tas, ba ka taɓa ƙasa, ba ka taɓa bango. Masana suna kiransa tarko. Ni dai da na ga yawan masu yi maka hidima, fada na gani.

Ba zan rage maka yabo ba. Kishiyoyinka, kubit ɗin Google da na IBM, wato ƙwayoyin da kwamfutar kwantam ke lissafi da su, a masana'anta ake ƙera su, kowanne da halinsa, sai an bi shi da lallashi. Kai kuwa kai da duk wani ɗan'uwanka itabiyum-171 a duniya ba ku da bambanci ko na miskala zarratin, domin ba hannun mutum ya yi ku ba. Riƙon amana ma ba a magana. A 2021 masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin sun nuna iyon ɗaya zai riƙe bayanin kwantam fiye da awa guda, alhali na kishiyoyinka ba su cika kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. In aka haɗa ku biyu ku yi lissafi, kuskurenku ya sauko kamar ɗaya cikin dubu. Madalla.

To, ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo ni. Ku nawa ne?

Tun 1995 Ignacio Cirac da Peter Zoller suka rubuta a Inzburuk ta Ostiriya yadda za a yi kwamfuta da irinku. A shekarar nan dai Chris Monroe da David Wineland da abokan aikinsu suka gwada matakin farko a Bolda ta jihar Kolorado, da iyon ɗaya tal na beriliyum. Wineland ya karɓi Nobel ɗinsa a 2012. Shekara 30 bayan waccan takarda, kamfanin Quantinuum, wanda ke sahun gaba, ya tashi daga kubit 20 zuwa 32, zuwa 56, zuwa 98. Ana ta tafi. Amma Craig Gidney na Google ya yi lissafi a 2025 cewa fasa makullin sirri na RSA-2048, irin wanda ke tsare hada-hadar intanet, zai ci abin da ya doshi kubit miliyan ɗaya, domin kubit ɗaya amintacce sai an tara masu kuskure da yawa suna gyara juna. Lissafin ma da injin kishiyoyinka ya yi shi. Ko an yi maka rangwame saboda tsabtar aikinka, tsakanin 98 da inda za a je ba tafiyar yini ba ce.

Na bincika dalili, sai na tarar halinku ne. Cajinku ɗaya, don haka kuna ƙin juna. In aka zuba ku a tarko sai ku jeru, kowa ya ba ɗan'uwansa tazarar 'yan mikiromita. Zancenku kuma ta girgiza ne: a zunguri ɗaya da leza, layin duka ya kaɗu, na can ƙarshe ya ji saƙo. Wannan ne sirrin da ya sa kowannenku ke iya magana da kowa, kuma shi ne matsalar. Layi na ƙara tsawo, salon girgizar na ƙara yawa suna cunkushewa, leza ta kasa tsamo wanda take so ba ta taɓa na kusa da shi ba. Sai a rage gudu, ko kuskure ya ƙaru. Majalisar mutum goma lafiya lau. A kai ɗari, fada ta zama hayaniya.

A 2002 Kielpinski da Monroe da Wineland suka kawo shawara: a raba fadar ɗaki-ɗaki a kan ƙaramin faifai, duk biyun da ke da magana a kai su zaure su gana, a mayar da su. Injin H2 na Quantinuum haka aka yi shi, da hanya mai zagaye kamar filin sukuwa. Dabarar ta yi aiki, sai dai kai ba a tafiya da kai kyauta. Ka ɗan motsa ka ɗau zafi, kuma in an haska maka leza don ka huce, bayanin da kake riƙe da shi ya zube. Shi ya sa aka haɗa ka da bariyum, shi ake sanyayawa, kai ka sha sanyi a jikinsa. Wato mai fifita. Ƙarshe dai mafi yawan lokacin injin yana ƙarewa ne a kai ka, a dawo da kai, a yi maka fifita. Aikin kansa ɗan kaɗan ne, ga shi dama kana da nawa: abin da kishiya ke gamawa a 'yan gomman nanosakan, kai sai ka ci gomman mikirosakan ko fiye, ninki dubu ke nan.

Kowane ɗaki kuma da faranta na lantarki masu yawa, kowane faranti da wayarsa, kowace waya sai ta huda bangon akwati ta fita. Ga leza, ga madubai, ga gilasai. In an matso da kai kusa da faifan don a rage girma, sai wani zafi ya taso daga fuskar ƙarfen ya dame ka, zafin da masana suka shafe shekaru suna gardama a kan tushensa. Ba mamaki da tsarin da ƙungiyar Winfried Hensinger ta Jami'ar Sasiks ta zana a 2017 ya kai girman filin ƙwallo.

Fadawa dai ba su zauna ba. A Oksfod, a 2025, sun haɗa tarko biyu masu tazarar kamar mita 2 da zaren gilashi, ƙwayoyin haske na kai saƙo tsakaninsu, suka yi lissafi ɗaya tare. Abin sha'awa ne, amma yawancin ƙwayoyin hasken a hanya suke ɓacewa, kuma mafi saurin irin wannan haɗi bai wuce 'yan ɗaruruwa a sakan ba. Wasu sun ce a sallami leza daga babban aikin, a riƙa ba ka umarni da sigina ta lantarki daga cikin faifan. Kamfanin Oxford Ionics ke yin wannan, kuma IonQ ya saye shi a 2025 a kan fiye da dala biliyan 1. A ganina nan ne hankali yake, domin masana'antun faifan kwamfuta sun iya buga abu miliyan, amma ba wanda ya iya saita madubi miliyan.

Sai labarin da fadawa ke ɓoye maka. Kai hasken da kake amsawa mai tsananin kaifi ne, wanda ido ba ya gani, yana lalata gilashi, yana wahalar da injiniya. Bariyum kuwa yana amsa haske kore-shuɗi na yau da kullum. To, a injin Helios, mai kubit 98 ɗin nan, bariyum ne ke riƙe da bayani. Kai aka ba mafici. Ban faɗa don in ɓata maka rai ba, ranka ya daɗe. Ka dai san cewa masu naɗi ba asali suke dubawa ba, wanda hidimarsa ta fi arha suke nema.

Roƙona ɗaya ne, ka isar wa masu shela. In za su sake sanar da sabon adadi, su haɗa mana da kuskure nawa ake yi, da sakan nawa lissafin ke ci har da zirga-zirga da fifita, da waya nawa aka ƙara kafin a samu ƙarin kubit ɗaya. In ta ƙarshen ta fara raguwa, ni da kaina zan zo caffa, ko kai ke kan karaga ko bariyum.

A gaida sabon sarki, in kuna magana.

Naka mai biyayya,
Wani talaka daga wajen akwati