Manhajarka tana aiki? To, sannu da ƙoƙari!

Ka ce manhajar da ɗan ƙanenka ya rubuta maka ta lissafin ciniki tana tafiya sumul, don haka leƙa cikinta iyayin 'yan boko ne? Haba Alhaji! Kai da a kasuwar Malanville ba ka biyan buhun albasa sai an zazzage maka ka ga na ƙasa, yau kai ne mai yarda da manhaja don fuskarta ta yi kyau?

Ka ce ai ba ta taɓa ba ka kunya ba? Tuna 30 ga Nuwamba 2024, ranar da lambobin waya a Benin suka tashi daga guda 8 zuwa 10, aka liƙa musu 01 a gaba. Wanda ya rubuta ƙa'idar tsawon lamba a wuri guda, kafin shayi ya huce ya gama gyara. Wanda ya kwafa ya manna ta a shafin rajista, da na biyan MoMo, da na rasit, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya bai mance guda ba. Gwanin naka kuwa, in ya mai da kowane 8 ya koma 10, ya kori abokan cinikinka na Gaya ke nan, tunda lambobin Nijar na nan a 8 ɗinsu. Garin gyaran gira an rasa ido!

Ka ce sai mai duba ne zai gano irin wannan? Ina! Tun 1999 Martin Fowler ya jera alamomin rubutun manhaja mara kyau a littafinsa Refactoring: maimaita rubutu, umarni mai tsawon tsiya, da sashe guda da ya rungume kowane aiki. Lint na cikin Android Studio kyauta, yana tono kurakurai tun kafin manhaja ta shiga waya. SonarQube kuma har ƙirga maka maimaicin yake yi. Ba ya karɓar goro, ba ya jin kunyar ɗan ƙanen kowa.

Ka ce yaron na nan, shi zai riƙa gyarawa? Ran da ya samu aiki a Kwatano fa? Wanda zai gaje shi ya buɗe ya ga kwamacala, cewa zai yi a rushe a sake, kuma daga aljihunka sefar za ta fito.

Saboda haka Alhaji, kafin ka cika wa yaron kuɗinsa, ce ya nuna maka sakamakon binciken Lint da SonarQube.