Hannu a Ruwa, Suruki a Ƙofa

Ilimin dai babu gyara a cikinsa. Kashin kifi yana sakin amoniya a ruwa, ƙwayoyin bakteriya su juya ta zuwa naitiret, shi kuma ya yi ta taruwa a akwatin gilashi har sai an canja ruwa. Shi ya sa masu kiwon kifin ado kan yanko reshen fotos, furen nan mai yaɗo da ya samo asali daga tsibirin Mo'orea a tekun Fasifik, su tsoma gaɓarsa a ciki. Saiwa ta fito, ta riƙa zuƙe naitiret ɗin a matsayin taki. Sharaɗin ɗaya ne: ganye ya tsaya a sama yana shan iska.

Marubucinku kuwa nutsar da reshen ya yi ɗungurungum, har da danne shi da dutse.

Ganye ya yi rawaya, ya narke. Ruwa ya koma kamar kunun kanwa, falo ya ɗau wari. Ran Juma'a, an sauko daga masallaci, yana sanye da shadda mai sitaci, ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa. Ya kamo ruɓaɓɓen reshen ke nan sai aka yi sallama.

Surukinsa ne.

Ba a gaida suruki a tsaye, shi kuma bai yi tunanin sakin reshen ba. Sai ya durƙusa a haka, hannu na cikin ruwa. Hammata ta maƙale a bakin gilashi, hannun riga ya warware ya sha ruwa, hula ta zame ta faɗa ciki, kifaye suka taru suna caccakar zarenta. "Barka da Juma'a, Baba," in ji shi, kunci manne da gilashi. Dattijon ya miƙo hannu. Hannun dama ne a ruwa. Ya zaro shi da yauƙi da guntun ganye, aka gaisa. Baba ya daɗe yana duban tafinsa, bai ce uffan ba.

Ɗan garuwan da ya kawo ruwan canji yana bakin ƙofa, ya ga komai.

"Yallaɓai, tarwaɗa za ka sa. Ita ko a kwata rayuwa take yi."

"Waɗannan na ciki fa?"

"Ai cinye su za ta yi, ka huta."

Baba ya gyaɗa kai, ya ce yaron nan yana da hankali.