Hamdalar da Ta Tona Mini Asiri a Houston

A majalisarmu ta Fagge ba a ja da ni a karta. In na maka katin Whot a kan benci, sai mai shayin tsallaken titi ya waigo. Da wannan taƙamar na amsa gayyatar wani abokin aikina a Houston, wanda duk daren Juma'a suke taruwa a garejin gidansa su buga foka. Na ce masa ni fa ba na caca. Ya ce ko sisi ba a sakawa, ƙwandalolin roba ne, wanda nasa suka fara ƙarewa shi zai ciyar da jama'a mako mai zuwa. Na yanke wa kaina fatawa cewa wannan tara ce irin ta majalisa, na ɗora hula na tafi.

Mutanen nan abin ya shiga jininsu. Sun kafa hoton Chris Moneymaker a bango, akantan nan na Tennessee da ya samu gurbi ta intanet a gasar duniya ta Las Vegas a 2003, ya kwashe dala miliyan 2.5. Kowa a garejin gani yake shi ne na gaba. Wani direban tirela ya toshe idonsa da baƙin tabarau da tsakar dare, yana ta yi mini lacca cewa a garin Robstown na jiharsu aka haifi Texas Hold'em, irin fokar da suke bugawa. A gefensa wata tsohuwa ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, tana kurɓar shayi ba ta ce uffan ba. Har tausayinta na ji.

Ƙa'idar ba wuya: kati biyu a hannunka a ɓoye, biyar a tsakiyar tebur na kowa da kowa, ka haɗa biyar mafi ƙarfi. Sauran aikin duk na fuska ne, kada a gane abin da ka riƙe. To ni bakina ba ya jiran izinina. In na leƙa na ga sarakuna biyu, sai "Alhamdulillahi" ta suɓuce. In tarkace ne, "Innalillahi". Ban ankara ba, ashe baiwar Allah ta haddace duka biyun. Da na yi hamdala sai ta ajiye katinta, da na yi salati sai ta ƙara ƙwandala, ni kuwa tulina sai ramewa yake.

Da na gano ta, na ce yau za ta ga ɗan Kano. Aka ba ni bakwai da biyu, katin da ko almajirin foka ba ya riƙewa. Na tuna ai a kowane hali ake gode wa Allah, don haka ba ƙarya na yi ba. Na rangaɗa hamdala da ƙarfi, na tura duk abin da ya rage mini tsakiya. Ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ce: "Ɗana, ta gaskiyar da rawar ƙafa take zuwa." Ta kwashe komai.

Da Juma'a ta zagayo na shirya ramuwa. Na gasa tsire, na zazzage masa yajin da na taho da shi daga gida, ba tausayi. Direban tirela ya cire tabarau yana sharɓar hawaye, mai gida ya shanye madarar 'ya'yansa. Tsohuwa kuwa, wadda ta girma kan barkonon Meziko, ta cinye tsinke uku, ta nemi a ƙulle mata sauran yajin a leda, sannan ta sake yi mini tas kafin goman dare.

Duk wanda tafiya ta kai shi Texas aka gayyace shi gareji, ya yi hamdalarsa a zuci, ya danne ƙafarsa da hannu, kuma kada ya zauna kusa da tsohuwa mai shan shayi.