Likitocin Tsohuwar Kwamfuta

Kamfanin Microsoft ya yi wa Windows XP sallama ranar 8 ga Afrilu, 2014, ya kuma yi wa Windows 7 tata ranar 14 ga Janairu, 2020. Ko dai labarin bai iso shagunan buga takardu na ƙofar jami'a ba, ko kuma ya iso aka ce ya zauna a benci har a gama wa wani ɗalibi babi na uku. Har gobe tsofaffin Dell da HP 'yan gwanjo na nan a ƙarƙashin tebura, an lulluɓe su da tsohon zani saboda ƙura, suna buga furojet da katin biki da takardar neman aiki. Ranar da ɗayarsu ta yi tari kuwa, kafin mai shago ya buɗe baki likitoci sun kewaye ta, kowa da maganinsa guda ɗaya tak.

Injiniya Fomat ne ke riga kowa isowa. Ba ya tambayar abin da ya faru, don amsar ba za ta canza komai ba. Linzami ya ƙi motsi, fomatin. Sauti ya ɗauke, fomatin. Da za ka ce masa ƙafar teburin ce ke rawa, zai ɗan yi shiru, sannan ya ce a fara da fomatin tukuna a gani. Jakarsa cike take da fayafayan CD da aka rubuta wa suna da maka, wasu sun karce har kana hango haske ta jikinsu. "Oga, Windo ɗin ce ta lalace," in ji shi, alhali bai ko kunna ta ba. Sai aikin ya kai rabi yake waiwayowa ya ce, "Af, ba ka dai da wani abu mai muhimmanci a ciki ko?" Akwai mana. Aikin shekara huɗu na kan fuskar allo, a rumbun C ɗin da ya share tun ɗazu. In ya gama sai ka ga gumakan kan allo sun yi ɓul-ɓul saboda babu direban hoto, ga shi ba damar sauko da shi daga intanet saboda direban intanet ɗin ma babu. Bayan kwana 30 allon ya koma baƙi ƙirin, da ɗan rubutu a kusurwar ƙasa mai cewa wannan Windows 7 ba ta asali ba ce. Ka kira shi, ka san abin da zai ce.

Malam Rifiresh ba ya ɓata komai, ba ya kuma gyara komai. Da kwamfuta ta tashi sai ya ɗora yatsa kan F5 ya yi ta danna, gumaka na ƙyaftawa, shi kuma yana gyaɗa kai wai yana sa ta ta warware.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai kashe-kashe, saboda shi ya san wani abu. Ya san msconfig, ya san cewa rabin nauyin tsohuwar kwamfuta daga tarkacen manhajojin da ke tashi tare da ita ne, kuma a nan gaskiyarsa ce. Da zai tsaya iya nan da an gode masa. Ina! Sai ya kutsa jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk sunan da bai yi masa daɗin ji ba ya kashe. Ya ci karo da Print Spooler, ya ce wannan cin ram kawai yake yi. Kwamfuta ta tashi da gudu, ya karɓi na shan ruwa ya tafi, washegari firinta ta ƙi ko motsi, a shagon da ba shi da sana'ar da ta wuce buga takarda. Irinsu ne suka gano dabarar ƙara wani layi a rajistar XP don ta riƙa gabatar da kanta a matsayin Windows ɗin injin karɓar kuɗi na kantuna, wato POSReady 2009, ta ci gaba da samun faci har Afrilun 2019. Dole ka jinjina wa wannan wayo. Amma irinsu ne kuma ke fara kashe Windows Update, wai yana shan data. Lokacin da cutar WannaCry ta ɓarke ranar 12 ga Mayu, 2017, ta ɗaure fayilolin mutane a ƙasashe da dama har da asibitocin Ingila, facin da ke toshe ƙofar da ta bi ya riga ya fito tun watan Maris, kuma mafi yawan kwamfutocin da ta kama masu Windows 7 ne da ba a saka musu shi ba.

Shi kuwa Alhaji mai riga-kafi, tsoron bairos ne ya hana shi barci. Ya sa Avast, ya ƙara da AVG, ya ɗora Smadav a kai, wannan ɗan Indonesiyan mai koren tambari. Su ukun suna zaune a kwamfuta mai ram gig 1 kamar kishiyoyi a madafi ɗaya, kowacce na leƙa tukunyar 'yar'uwarta tana kai ƙara. Buɗe Word kawai sai ka je ka yi alwala ka dawo. Babu kuma wadda aka sabunta a cikinsu tun ranar da aka saka ta. Saboda haka da ɗalibi ya soka filash ɗinsa da ya zaga shaguna goma, sai manyan fayiloli su ɓace, a bar masa gumaka masu 'yar kibiya a gindi. Nan ake salati, ɗalibi ya ɗora hannu a ka. Alhali komai na nan, ɓoye shi kawai aka yi. Yaron shago ya buɗe baƙin allon cmd, ya shiga filash ɗin, ya rubuta attrib -h -r -s /s /d, furojet ya dawo. Alhaji ya ce ai Smadav ce ta yi aikin.

Sai Hajiya mai danna OK. Duk saƙon da ya fito ta rufe shi kafin ya gama bayyana. "Hajiya, me ta rubuta?" "Wani abu dai da Turanci, ja-ja haka." Mako guda tana faɗa da masu intanet wai shafuka sun ƙi buɗewa, alhali Chrome ya yi ta gaya mata agogonta na baya. Ɗan batir ne mai faɗin kwabo a cikin akwatin, CR2032, ya mutu, shi ya sa duk sanda aka ɗauke wuta kwamfutar ke farkawa a shekarar da ta shuɗe tuntuni, takardun shaidar shafuka kuma su ƙi yarda da ita. Kuɗin batirin bai kai na katin da ta ƙona wajen kiran ƙorafi ba. Ƙaninta ya zo taimako, ya sayo ram gig 8 ya cusa wa Windows mai bit 32, wadda ko gig 4 ba ta iya cinyewa duka, ya koma kasuwa yana rantsuwa an sayar masa da jabu.

Akwai wani da ba ya cikin masu surutu, kuma shi nake kira in abu ya ɓaci. In kwamfuta ta ƙi nuna komai sai ƙara ɗit-ɗit, ba ya taɓa kibod. Ya zare wuta, ya kwance murfi, ya fita da ita waje ya hure ƙurar hunturu da ta yi kirtani a fanka, ya ciro ram ya goge haƙoran zinaren da kilinar fensir, ya mayar har ya ji ƙas. Sau da yawa shi ke nan. Matsalarsa ɗaya, aikin ba ya wuce minti goma, don haka ba wanda ke ganin ya cancanci a biya shi.

Baba mai XP kuwa ana yi masa kallon mai taurin kai, ni dai ina ganin ya fi duk masu yi masa dariya lissafi. Ya san Chrome ya rabu da XP tun 2016, bai dame shi ba, don kwamfutarsa ba ta taɓa ganin intanet ba. A cikinta akwai CorelDRAW ɗin da hannunsa ya saba da shi, da firintar da ya san direbanta, da littattafan Hausa da ya buga wa marubuta da rubutun Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu, tun zamanin da samun ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta sai an sha wuya. Ya taɓa ganin abin da ke faruwa in an buɗe irin wannan aiki a injin da babu rubutun: ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓarawo ya fito da wata 'yar igiya a goshi. Koren tudun nan na Kalifoniya da ke kan allonsa ya dushe saboda tsufan gilashi, amma ba zai canza shi ba.

Shi ne ɗan Linux ya fi so ya yi wa wa'azi. Ba wanda ke gayyatar ɗan Linux, jin ƙamshin matsala kawai yake yi ya ɓullo da filash rataye a wuya. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya fara bayanin cewa akwai Lubuntu, kyauta ce, ba nauyi, ba ruwanta da bairos ɗin filash. Duk gaskiya ne. Baba ya saurare shi har ƙarshe yana jan carbi.

"CorelDRAW zai hau?"

"Baba, ai akwai Inkscape, shi ma..."

"Yaro, na ce CorelDRAW zai hau?"

"A'a, Baba."

"To matsa min daga jikin wayar nan, kada ka fizge ta."