Sarautar Mai Riƙe da Rimot

A shekarar 1950 ne kamfanin Zenith na birnin Shikago a Amurka, saboda tausayin da ya ji wa bani Adama bisa azabar tashi daga kujera domin murɗa talabijin, ya ƙera musu rimot mai doguwar waya, wadda ba ta daɗe ba ta shiga harɗe ƙafafun mutanen gida. A 1955 Eugene Polley ya yi mai aiki da haske, sai rana ma, in ta leƙo ta taga, ta riƙa sauya tasha ba da izinin kowa ba. Da shekara ta zagayo Robert Adler ya zo da mai sautin da kunne ba ya ji, shi kuwa kacau-kacau ɗin makullai ya isa ya ruɗa shi.

Talabijin dai tana can ƙuryar ɗaki, saboda haka akwai uzuri. Abin da ya gagari hankalina shi ne kwamfuta, domin tun da Microsoft ya fito da manhajar Media Center mai aiki da rimot a 2002, Apple kuma ya biyo da nasa rimot mai maɓalli shida a 2005, sai ka iske dattijo kamili, tsakaninsa da ita bai fi kamu biyu ba, in ya yi atishawa ma sai ya jiƙa ta, amma ya kishingiɗa yana auna ta da rimot ɗin da tun ranar saye aka naɗe da leda.

Malaman fiƙihu, Allah ya saka musu da alheri, sun bayyana wanda ya fi cancanta da limanci, sun ƙididdige rabon kowane magaji, amma mas'alar wanda zai riƙe rimot ba su bar mana nassi a kanta ba, shi ya sa fitina ba ta ƙarewa: uwargida na son waƙar da ke tsakiyar fim, Alhaji na ganin bidi'a ce, ya tsallake ta, ya zarce har bayan mutuwar jarumi, a dawo baya, a wuce, har a kira isha'i ba a san wanda ya saci gadon marayu ba.

In batir ya yi sanyi, hukuncinsa mari ne a tafin hannu. In bai tuba ba a ciro shi a cije, a shanya a rana. Ranar da rimot ya ɓace kuwa, wanda aka saya wa shi don kada ya motsa, shi ne zai ɗaga katifa, ya zazzage kujeru, ya tuhumi amarya, yana gumi, alhali kwamfutar na gabansa tana ta surutu. Bayan ya gaji sai ya koma mazauninsa, ya gyara babbar riga, ya ƙwala wa ɗan auta kira daga can zaure:

"Kai, Auta! Zo ka danna mini wannan dogon maɓallin."